Rasuwar Malam Sannu-Sannu, da Rufe Ɗakin Gwaji na Sama

Cikin alhini, da kuma fargabar da ba za mu ɓoye ba, Ƙungiyar Masu Binciken Sinadaran Lantarki da Haske ta samu labarin rasuwar ubanta kuma jagoranta, Shehin Malami, Babban Mai Bincike, wanda manya da yara suka fi sani da Malam Sannu-Sannu, bayan gajeriyar jinyar ciwon hanta.

Marigayin ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan tiyofin, sinadarin nan mai warin farar wuta da ake sarrafawa a samu leda mai ɗaukar lantarki, irin wadda ake fatan a yi allon waya mai lanƙwasuwa da farantin sola mara nauyi da ita. Duk wanda ya ga Malam yana shimfiɗa ruwan sinadarin a kan gilashi, siriri kamar fatar albasa, ya san inda laƙabin ya samo asali. Idan ɗalibi ya yi garaje, sai ya riƙe masa hannu ya ce, “Sannu-sannu, ɗana, ba fenti kake yi ba.”

A hannunsa muka koyi dabarar da ta fitar da mu kunya a idon takwarorinmu: a kashe fankar da ke zuƙe tururi har sai shimfiɗar ta bushe, domin iska kaɗan kan bar mata zane. Mai yi mana gyaran injina ya sha yin ƙorafi, Malam kuwa ya sha ce masa, “In akwai wari, ai hancina zai faɗa mini.” Likitoci ba su ce tururin ne ya yi ajalinsa ba. Ba su kuma ce ba shi ba ne ba, wannan shirun nasu shi ya hana mu sukuni.

Saboda haka an rufe ɗakin gwaji na sama, inda marigayin ya yi aikinsa, ana kuma roƙon duk wanda ya taɓa tsayawa a teburin Malam, har da tsofaffin ɗalibai da masu shara, ya je a duba jininsa ba tare da jinkiri ba.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga mai ɗakinsa, uwarmu baki ɗaya, da 'ya'yansa da jikokinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa jinyar ta zama kaffara, Ya ba iyalinsa juriyar wannan babban rashi, mu kuma Ya tsare mu daga abin da muke tsoro.

Da muka je gaisuwa, cikin wankakkun kayanmu, uwar tamu ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta kai gefen mayafi ga hancinta, ta ce, “'Ya'yana, ku ma irin warin da yake dawowa gida da shi kuke yi.” Babu wanda hancinsa ya ji wani wari a cikinmu.

Sa hannu:
Kakakin Ƙungiya,
kuma ɗalibin marigayin na farko.