Ki Zuro Mini Kwandon Wayam

Zuwa ga Sitti Durriyya, hasken idona, sanyin ƙirjina, iskar da ke tasowa daga Nilu bayan la'asar ta tarar da tsoho a gajiye ta ɗago masa kai. Ke furen lemo da ke cika unguwa da ƙamshi ba tare da ya leƙo ƙofa ba, ke ruwan randa a tsakiyar bazara! Gaisuwa daga wanda kika rufe wa taga.

Ina shagon gahawar Girgis, daura da gidanki, kan kujerar nan mai gajeriyar ƙafa. Tun hantsi nake kallon barandarki. Shayi ya huce, an kawo wani, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Girgis ya ce in na ci gaba da ɗaga kai haka wuyana zai ƙage. Na ce masa wuyan ya saba, ai rabin rayuwata a cikin akwatin mai tuni na yi ta, a bakin dandamali, kaina daidai da takalminki, ina kallon sama ina jiran ranar da kalma za ta kuɓuce miki in miƙo.

Kin ƙi ɗaga waya. Kin sa ƙanwarki Ihsan ta ce mini ba kya nan, alhali ina jin tarinki a bayanta, tarin da na fi sani da nawa. Shi ya sa zan jira ki zuro kwandon nan da igiya don mai burodi, in saka wannan takarda a ciki. Ki karanta kafin ki naɗe bawon albasa da ita.

Gobe bayan la'asar za a ɗaga labule don karrama Ustaz Shafik, mutumin da ya sa Alƙahira ta yi kuka da dariya a wasa ɗaya, wanda ya ɗinka wa muryarki waƙoƙi kamar yadda tela ke auna riga. Kyamarori za su ɗauka, jikokin jikokinmu su kalla. Ke kuma kin aika wa darakta cewa ba za ki zo ba. Ya abin ƙaunata, wata yana aika saƙo cewa ba zai fito ba?

Na san abin da ya faru, tunda da bakina ya faru. Yaran talabijin sun cire akwatina, wai yana ɓata hoto. Suka kafa allo can ƙarshen zaure yana rubuto baitoci, ba su san idanunki da suka kashe samarin unguwar Shubra yanzu ba sa rabe alif da sandar makiyayi daga nesa ba, kuma kin fi son mutuwa da a gan ki da tabarau. Shekaranjiya wajen gwaji, kafin ki hau, suka zaunar da ni a layin gaba ina ba su labarin Ustaz, suka maƙala mini wani ɗan makirufo kamar ƙwaro a wuyan riga. Aka gama hira, suka manta da shi, ni ma na manta. Kika fara waƙar 'Yar Mai Kwalekwale, masu goge suna binki a hankali. Kika zo baiti na biyu, na ga hannunki ya tashi ya taɓa ɗan kunne. Durriyya, hannun nan ba ya tashi bakina ya zauna! Na yi raɗa irin ta da, wadda ke tafiya taku uku ta mutu a gaban ƙafarki. Sai ga raɗar ta fito ta kowace lasifika kamar tsawar farkon damina. Masu goge suka tsaya. Wani ya yi dariya can baya. Kika juya, ba ki dubi kowa ba, kika fita. Ƙarar takalminki har yanzu tana tafiya a ƙirjina.

Kin tuna ranar da aka fara nuna wasan da waƙar nan take ciki? Kina yarinya siririya kamar karan rafi. A wannan baitin kika ɓace, shi dai wannan. Kika taɓa ɗan kunne don tsoro, na miƙo miki kalmar farko, kika cafe ta kamar shirwa, zaure ya kama da wuta. Da labule ya sauka kika sunkuyo kika ce, “Ɓeran akwati, yau ka rufa wa 'yar mutane asiri.” Daga ranar ɗan kunne ya zama maganarmu. Kika yi aure, na yi aure, muka binne waɗanda muka binne, Allah ya jiƙansu, amma ko mijinki bai san abin da hannun nan ke cewa ba. Asirin da na rufa tun gashina yana baƙi, shi na tona da rana tsaka. Ina zan kai wannan?

Jiya na je wurin Ustaz. Yana kan keken guragu, bargo a gwiwa, ya rame kamar reshen da ganye ya bari. Na gaya masa sun tanadi wata yarinya mai murya ta maye gurbinki. Ya ce muryar yarinyar kyakkyawa ce, amma in ita ta hau zai cire na'urar ji daga kunnensa ya sa a aljihu, ya yi ta murmushi wa kyamara kamar gawa mai ladabi. Ya ce in gaya miki shi ma yana manta sunan 'ya'yansa, bai hana su zuwa cin abincinsa ba. Kin san bakinsa. Kin kuma san ba zai ga wani taron ba.

Amma ba don shi nake roƙo ba. Kyamarorin nan suna kunne ranar gwaji. In ba ki zo ba, hotonki na ƙarshe a kan dandamali shi ne bayanki kina fita. Shin haka rana ke faɗuwa, ta bar mana ƙeya? Wallahi ba zan iya kwanciya a kabari da wannan ba.

To saurari dabarar ɓera. Darakta ya kafa doka: ba ihu, ba kiran a maimaita, tafi sai an kunna jar fitila. Wai mu, mutanen Alƙahira, mu ji waƙa mu yi shiru kamar masu jiran likita! Kin san yadda masu sauraro na gaskiya suke yi a zamaninmu, in daɗi ya kai musu wuya sai su miƙe su roƙi baitin da suke so tun kafin a kai wurin. Gobe ina layin gaba, ba ƙwaro a wuyana. Idan hannunki ya kai ga ɗan kunne, zan miƙe tsaye, in jefa hulata sama, in ƙwala da duk abin da ya rage a huhuna: “Allah, ya Sitti! Ba mu ‘Ruwa ya janye, sawunka bai goge ba’!” Ba wanda zai ce an tuna miki. Za su ce wani tsoho ne ya haukace. Masu gadi za su kama ni ta hammata su fitar da ni, takalmina yana jan ƙasa, a gaban ministoci da matansu, kyamara tana bina. 'Ya'yana za su gani, surukaina su gani. Ke kuwa kalmar tana hannunki, sai ki tashi da ita.

Ni da ban taɓa bari a ga ko tsinin hancina a wasa ba, ni da sunana bai taɓa hawa bango ba, zan shiga fim a matsayin mahaukacin layin gaba, kuma ina murna. Abu ɗaya ne ke sosa mini rai: daga waje zan ji ƙarshen waƙar. Ba komai. Na saba jin ki ta cikin katako.

Ba na neman ki yafe mini yau, ba na neman ki rubuto ko harafi. In kin ƙi zuwa, ki cire 'yan kunnen nan ki zuro mini su a kwando, zan fahimta, in tashi in bar wa Girgis kujerarsa. In kuwa za ki zo, ki bar su a kunnenki, ki zuro kwandon ba komai a ciki. Ya furen raina, tun da aka haife ni ban taɓa roƙon Allah ya ba ni wayam ba sai yau!

Ga tagarki ta motsa. Ga igiya tana saukowa, mai burodi yana gyara tire, bari in naɗe takardar nan in ruga. Zan tsaya nan.

Naki tun daga ƙarƙashin dandamali, naki a layin gaba, naki a bakin titi bayan an jefo ni, har ranar da za a rufe ni a akwatin da ba a raɗa daga cikinsa,

Labib, ɓeranki.