Inna, Na Hau Keken Haya a Wurin Wasa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin wanda kika koya mini, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Na san takardar nan ba za ta iso ki ba. Ko kina raye ma sai dai a karanta miki. Amma ke kaɗai nake jin ta cancanci in yi wa bayani, kuma da gangan na sa ta a fili, don masu maganata a Safana da Batsari su ma su ji, tunda kunnuwansu a buɗe suke.

Inna, sati uku ke nan ana yawo da bidiyona a waya. An ga ɗiyarki a wani wurin wasan yara a Abuja, a kan keke mai batir, mayafi na tashi, tana ƙyaƙyata dariya. Wasu sun ce na zubar da mutunci. Wasu sun ce gurguwa ta manta matsayinta. Bari ki ji yadda abin ya faru daga bakina.

Kin fi kowa sanin ƙafafun nan. Ina shekara uku shan inna ya kama ni a Wagini, ciwon da ban taɓa son sunansa ba don ya ari naki. Da aka ba ki shawarar a riƙa ajiye ni a bakin kasuwa ko za a samu na gishiri, kika ɗaure ni da zane kika kai ni firamare. Kullum haka, har ƙafafuna suna jan ƙasa ta gefen cinyarki. Abin da kike cewa ɗaya ne: "Ƙafa Allah Ya karɓa, bai karɓi kai ba."

Kin aurar da ni Safana ga Lawal mai gyaran babur, kina murna zan riƙa ɗinki a ɗakina. Daga baya 'yan bindiga suka tashe ku daga gida, kika ƙare kwanakinki a ɗakin aro a Batsari kina tambayar wa zai roro miki waken gonarki. Ban manta ko ɗaya ba. Na faɗa ne don masu cewa ban san halin da ake ciki ba.

Takwararki, babbar ɗiyata, wadda muke kira Mami, ta gama firamare bana, ita ta zo ta ɗaya a ajinsu. Kabiru autanki, da yake yana aiki a Abuja yanzu, ya ce a kawo masa ita da ƙanwarta Fa'iza su yi hutu, zai kai su wurin wasa. Na ce uban ya kai su. Mami ta ce in ba da ni ba, ita ma ta fasa. Kin san taurin kanta, ba a ƙasa ta tsince shi ba.

Direban mota ya ce babu wurin kekena mai tuƙin hannu, sai na bar shi a gida na ɗauki sandunana biyu. Na riga na tsara komai a raina. Zan samu inuwa in zauna, in tsare takalma da kular abinci, su je su dawo su ba ni labari. Haka nake yi a kowane biki da kowane suna, har na daina jin ciwon abin.

A bakin ƙofar wurin, Lawal da Kabiru sun tsaya ajiye mota, ni da yara muka yi gaba. Mai gadi ya dubi sandunana, ya dubi ƙafafuna, ya ce, "Baiwar Allah, ba a bara a nan." Sabuwar atamfa ce a jikina, Inna, ni na ɗinka ta da hannuna. Tikitin shiga yana tafin hannuna. Na ɗaga masa, ya ba ni haƙuri, na ce ba komai.

Amma da na waiwaya sai na ga Mami ta sunkuyar da kai, tana goge ido da gefen hijabi. Yarinyar da ta tsaya gaban makaranta guda ta karɓi kyauta, ga ta tana neman inda za ta ɓoye fuskarta saboda abin da aka ce wa uwarta. A nan na fasa zaman inuwa.

Daga gefen ƙofa akwai wasu kekuna jere, jajaye, masu taya huɗu da kujera mai laushi da kwando a gaba. Kabiru ya ce da batir suke tafiya, hayarsu ake bayarwa ga wanda doguwar tafiya take yi wa wuya. Na ce ina so. Mai ba da hayar ya tsallake ni da ido, ya tambayi Lawal, "Za ta iya kuwa? Kada ta yi mana ɓarna." Lawal ya ce, "Ga ta nan a gabanka, ita za ta hau." Na ce masa shekara ashirin ina tuƙa keke a taɓon Safana, tsakanin jakuna da a-kori-kura, ban taɓa taka ko kaza ba. Na zaro kuɗin ɗinkina na biya, na sa hannu a takardarsa da rubutun da kika goya ni na je na koyo.

Ba zan yi miki ƙarya ba, dannawar farko na yi karo da kwandon shara. Fa'iza ta fashe da dariya, ni ma na taya ta. A jikin kan keken akwai wani ɗan maɓalli da ake murɗawa, gefe ɗaya hoton kunkuru, gefe ɗaya hoton zomo. Na yi ɗan zagaye a kan kunkuru har hannuna ya saba. Sannan na murɗa shi gaba ɗaya zuwa zomo.

Iska ta bugi fuskata. Kafaɗuna, da suka saba ciwo duk inda zan je, ba su yi aikin komai ba. Na wuce masu sayar da gurguru, na wuce wani tafki da agwagi a ciki, sai na ji takun gudu a bayana, yaran nan biyu suna haki suna kira, "Umma, ki jira mu! Umma, ki jira mu mana!"

Na tsaya. Tun da aka haife ni, ni ake jira. A hanyar makaranta, a gidan biki, a layin asibiti, kullum wani ya rage sauri saboda ni, yana ɓoye gajiyarsa. Ranar nan aka roƙe ni in jira. Kafin su iso na share fuskata, na ce musu su ƙara mai.

Babu lungun da ban shiga ba. Na bi ƙaramin jirgin ƙasan da suka hau, ina gefe muna tsere. Lawal da Kabiru suka ɗaga ni suka sa a wani lilo mai kama da ƙatuwar taya, ya yi sama da mu har motoci suka koma kamar ƙwaro, ina ta salati, Mami tana riƙe da hannuna tana ce mini kada in ji tsoro. Mun sha askirim har ya ɗiga a atamfar. Kabiru ne ya ɗauki bidiyon, ya tura wa dangi don su taya mu murna.

Kwana biyu da dawowarmu, Gwaggo Lanti, ƙanwar Baba, ta hau ɗan kabu-kabu daga Batsari takanas. Bayan mun gaisa ta sha ruwa, ta ce, "Mi kika je nema? Ƙauyenmu ya watse, mutane na kwana a ajin makaranta, ke kina can kina shawagi kamar ɗiyar gwamna. Mai lalura gida ya kamace ta."

Ban ɗaga mata murya ba, ba haka kika rene ni ba. Amma ban ba da haƙuri ba, kuma ba zan bayar ba. Waɗanda suka tashe ku daga Wagini sun raba mu da gona, sun raba mu da dabbobi, sun sa na binne ki a garin da ba naki ba. Yanzu kuma ana so in haɗa musu da dariyar 'ya'yana? Wane ɗan gudun hijira ne zai koma gida don na zauna a bayan ƙyaure ina ɓata rai? Ina ɗinka wa matan da ke ajin makarantar nan kaya, na san sunayen yaransu, kuma da na nuna musu bidiyon su ne suka fi kowa shewa. Masu ƙafafu sun je wurin wasan nan sun dawo, ba wanda ya ce sun yi rashin ta-ido. Nawa zuwan ne kaɗai ya zama abin kunya, don an saba ganina a ƙasa.

Da Gwaggo za ta tafi, ta dafa gwiwa ta miƙe da ƙyar. Ta tsaya a zaure, ta rage murya, ta tambaye ni wai abin yana hawa tudu kuwa. Na ce yana hawa, Gwaggo. Ta gyara mayafinta, ta fita.

Jiya Lawal ya shigo da wani tsohon inji da batir biyu da ya samo a wajen masu gwangwan. Ya kwantar da kekena a tsakar gida yana aune-aune, ya ce kafin kaka in sha Allahu zai tashi. Ranar da ya tashi, Inna, ta tsakiyar kasuwar Safana zan bi, da rana tsaka, Fa'iza a gabana. Duk wanda yake da waya ya shirya ta.

Ina kewarki, Innata. Ba ranar da ba na tuna ki. Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata makwancinki, Ya haskaka shi, Ya gafarta miki kurakuranki. Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu, Ya mayar da kowa gidansa. Ya haɗa mu da ke a Aljanna Firdausi. Amin.

Ɗiyarki mai yi miki addu'a kullum,

Ma'u, daga Safana.