Kunun Inna Yana Cikin Fulas

Maman Umair,

Na je Kusfa wajen Inna na dawo, na tarar har yanzu kina barci. Ban so in tashe ki ba, na wuce makaranta.

Na faɗa mata abin da likita ya ce: tun aikin da aka yi miki hanjinki ya manne a wani wuri, ganye da abinci mai tauri ba sa wucewa da sauƙi. Na ce kwaɗon zogalen da ta kawo jiya, kunyar suruka ce ta sa kika cinye, shi ya murɗa miki ciki. Sai ta ɗau salati. Ta ce, "Haba! Ita ba 'yata ba ce? Ai da sai ta ce mini ba ta iyawa mana!" Nan take ta dama miki kunun gyaɗa, ta tace da hannunta. Yana cikin fulas. Ki riƙa sha kaɗan-kaɗan.

Ƙwayoyin ƙarin kuzarin da ta haɗo miki suna aljihuna, sai likita ya gani tukuna.

In murɗar ta dawo, ko amai ya zo, ki kira ni. Ko ina tsakiyar darasi ne zan ajiye alli.

Naki,
Jibril