Injin da Ya Tayar da Babanka

Zuwa ga ɗana Aminu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Maryam da yara. Ya aiki, ya baƙunta? Mu nan Zawaciki sai godiya.

Tun da aka rufe masaƙarsu ta Sharada babanka ya koma zaman tabarma, abinci ma sai da lallashi. To, ɗan injin ƙera kayan roba da ka aiko a kwali ya tayar da shi. Da ya haɗa, ya ɗaure bel tamau, ya lafta giris, kamar dai injin saƙa. Abin da ya fara fitowa sak taliya. Na ce, "Yaya, a kawo mai da yaji?" Ko kallona bai yi ba. Ya wargaza shi kaf, ya wanke, ya canza bakin da ya toshe, ya yi masa gindin ƙarfe don ya daina rawa.

Jiya ya ƙera haƙorin keken ɗinkin mahaifiyarka, wanda aka rasa a kasuwa. Keke ya tashi. Shi kuwa da kansa ya ce a ƙaro tuwo.

Ka sa shi a addu'a, ka kuma aiko da zaren roba tun bai ƙare ba. A gai da kowa.

Baffanka,
Isa