Salansa a Bakin Bindigar Eruera

Litinin, 18 ga Maris

Ƙanwata Huhana ce ke rubuta mini, ni Ripeka. Ni ban zauna a aji ba, tumaki na bi. Na ce mata abin da ya shiga littafin nan ba na kunnen kowa ba ne.

'Yarmu Waimarie ta dawo da ubanta, mijina Eruera, daga asibiti a Gisborne. Kunnen hagu ya mutu, na dama saura kaɗan. Wai ƙarfen nan ne mai huji-huji da ya ɗaura a bakin bindigarsa bayan an yi masa aiki a kafaɗa, birki suke ce masa. Yana hana bindiga dukan kafaɗa, amma sai ya watso ƙarar cikin kunnen mai harbi. Waimarie ta ce za a cire, a sa salansa, bututun da ke rage ƙarar harbi. Eruera ya ce, "Me ta ce?" Aka yi dariya. Tawa iyakarta leɓe.

Laraba, 20 ga Maris

Shekara hamsin da ɗaya da aurenmu. In ya hau dutse farautar barewa, ina baranda. Harbi ɗaya, an samu nama, in ɗora ruwa. Uku a jere, to babu lafiya. Shekarar da ya karya ƙafa a kwazazzabo, ukun nan na ji, na tura maza da dawakai. Waya ba ta kamawa a can har yau. Yanzu za a toshe wa bindiga baki, shi kuma yana da saba'in da takwas.

Asabar, 23 ga Maris

Salansar da Waimarie ta sayo ta ƙi shiga. Haƙoran murɗin ba ɗaya ba ne da na bakin bindigar. Eruera ya so ya matsa da ƙarfi, ta fizge. "Baba, ba murfin kwalba ba ne. In ta zauna a karkace harsashi cikinta zai daka." Za a mayar wa maƙeri ya canzo.

Huhana, kada ki rubuta cewa na ji daɗi. To, rubuta.

Alhamis, 28 ga Maris

An canzo, ta shiga. Baƙa, doguwa kamar muciya. Suka kafa kwali bayan garken tumaki. Harbin farko ya sauka ƙasa da wajen taƙi guda, wai in an sauya abin baki dole a sake saiti. Suka yini suna murɗe-murɗe. Ina shanya, karnuka ko kai ba su ɗaga ba. Kamar an buga ƙofar mota. Daga nan kusa ke nan, ina ga kan dutse.

Na gaya wa Waimarie. Ta ce ai ta saya masa na'ura mai maɓalli, ya danna jirgin ceto ya zo. Na ce, "Jirgi zai ji. Ni fa?" Ta ce, "Mama, so kike ya kurmance don ki ɗora buta a kan lokaci?" Bakinta irin na kakarta. Na'urar ma tana cikin mota, tare da tabaransa da yake nema tun Kirsimeti.

Lahadi, 31 ga Maris

Mazan barewa sun fara ruri a kan dutse, lokacin farauta ya yi. Ban iya cin abinci ba.

Talata, 2 ga Afrilu

In an yi harbi ana kwance salansar a ajiye ta sha iska, kada laima ta ci bakin bindiga. Ya ajiye ta a kan kantar kicin kusa da murhu. Yanzu tana cikin garwar fulawa, can ƙasa.

Ya birkita gidan nan. "Tsohuwa, ba ki ga bututuna ba?" Na ce ni mai gadin bututu ce? Ya zaro tsohon birkin daga aljihun tebur ya murɗa. Gobe zai hau.

Huhana ta ajiye biro tana kallona. Na ce rubutu aka sa ki, ba shari'a ba.

Laraba, 3 ga Afrilu

Da hantsi na ji shi. Ɗaya, tas, har ya amsa a kwari. Na ɗora ruwa ina waƙa.

Ya dawo hannu wofi. Saitin na salansa ne, ya manta, harsashi ya bi ta saman barewar. Wannan ba komai. Na yi masa magana a bakin ƙofa bai juyo ba. Na zagaya ta kunnen dama, mai kyan, na ce shayi ya yi. Sai kallon bakina yake. Ya ce, da ƙarfi kamar muna gaɓa biyu na kogi, wai akwai ƙudan zuma a kansa.

Juma'a, 5 ga Afrilu

Kwana biyu. Kare ya yi haushi a ƙafarsa bai sani ba. Ban kira Waimarie ba, da wane baki. In bai dawo ba fa, kunnen? Wa zan yi wa faɗa ya ji?

Lahadi, 7 ga Afrilu

Ya ji ƙarar cokali a kofi. Kaɗan dai.

Na tono salansar na goge na mayar kan kanta. Ya ɗauka, ya hura ciki, fulawa ta bule masa a gemu. Ya daɗe yana dubana. "Ashe burodi ta je koyo," in ji shi. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 11 ga Afrilu

Ya sake saiti jiya, yau ya hau da salansa. Ni na ɗauko na'urar daga mota na ɗinke ta a aljihun rigarsa da zaren buhu. Ya ce na mai da shi ɗan rago mai ƙararrawa.

Na zauna a baranda. Shiru. Rana ta raba, shiru. Na gan shi a kwazazzabo sau goma a raina. Na tashi na haƙa dankalin da bai isa haƙa ba. Da la'asar na ɗora ruwa haka nan, ba wanda ya ce in ɗora.

Ina juya wa ƙofa baya, ina gunaguni ƙasa-ƙasa, tsoho mai taurin kai, ya mutu a can ma ya huta. Sai na ji an ce, "Na ji ki." Yana tsaye da cinyar barewa a kafaɗa.

Na ce to ka ji, cire takalmi.

Asabar, 13 ga Afrilu

Ban ce ina son abin nan ba. Mummuna ne, kuma na tsani shirun.

Ya tambayi inda birkin yake, wai zai ba maƙwabci. Na ce ban gani ba. Huhana ta ce ta ga wani ƙarfe mai huji a ɗaure a igiyar ƙofar kaji, yana jan ƙofar tana rufuwa. Nauyinsa ya yi daidai, shi ke nan.

Litinin zai sake hawa. Wataƙila in je wurin Huhana mu yi saƙa, barandar nan ta fara sanyi. Na gaji, rufe littafin.

Nan Ripeka ta tsaya. Fuskarta dai tana wajen dutse. Ni Huhana na ƙara wannan.