Mutumin da Na Goge a Bakin Ƙofa

Litinin, 3 ga Maris

Malam ya kalli gwajin da na ɗauka, bai kai ƙarshe ba ya tsayar. "Wannan kyamarar taka zazzaɓi take yi?" Aji ya fashe da dariya. Ni ma na yi, to me zan yi.

Gaskiyarsa ce. Hannuna rawa yake in ina tafiya. Ga shi fim ɗina na kammala karatu a kan ɗauka guda ya tsaya: mace na tafiya a doguwar baranda, kyamara na biye da ita a hankali, tana dusashewa har ta ɓace, a bar barandar wayam. In hoton ya girgiza, siddabarun ɓacewar ba zai zauna a kwamfuta ba. Sashenmu na da layin da kyamara ke gudu a kai, amma tayarsa ta karye tun bara.

Laraba, 5 ga Maris

Mun gwada baro. Na zauna a ciki da kyamara, Dogo abokin aikina yana turawa, ya ci karo da dutse ya juye ni. Mai Sauti, 'yar ajinmu da ke naɗa mana sauti, ta cire abin kunnenta ta ce ba ta naɗi komai ba sai kukan taya da ashar ɗin Dogo. Gwiwata ta kurje. Kyamara dai lafiya.

Alhamis, 6 ga Maris

Da yamma ina tura Baba daga falo zuwa taga, kofin ruwa na kan cinyarsa. Ko motsi ruwan bai yi ba. Na tsaya ina kallon tayoyin kekensa.

Abin da ya fara zuwa kaina ke nan. Ba shi ba, keken.

Babu wanda ya san halin da Baba yake ciki a ajinmu. Hoton da suka sani shi ne na kan wayata, yana sanye da kayan wasanni, usur a wuya, lokacin yana koyar da motsa jiki. Ba su san ɓarin jikinsa ya shanye bara ba, bakinsa ya karkace, sai an ajiye masa tawul a kafaɗa saboda yawu. Ban yi wa kowa ƙarya ba. Ban dai faɗa ba.

Asabar, 8 ga Maris

Na tambayi Baba aron keken. Na zaci zai ƙi. Sai ma murna, ya daki hannun kujerar da hannunsa mai lafiya. Maganarsa a daddafe take fita yanzu, amma na gane: wai kekensa zai riga shi zama ɗan fim.

Umma ce ta ɓata rai. "In ya so banɗaki fa, Auta? A kaina zan ɗauke shi?" Na ce kafin rana ta take mun gama.

A barandar benenmu za mu yi, babu mai tsawonta da santsinta a duk inda na duba. Na roƙi Umma a bar ƙofarmu a rufe ranar. Na ce saboda sauti.

Ba saboda sauti ba ne.

Talata, 11 ga Maris

Ban san ta ina zan fara ba.

Na fito da keken tun kafin su iso. Dogo ya tambayi inda na samo, na ce maƙwabci ne ya ara mana. Na zauna da kyamara, yana tura ni, abu kamar a kan mai. Sai dai kowace ɗauka da matsalarta. Ko 'yar wasa ta yi sauri, ko Dogo ya yi tari, ko wani ya hau bene da buhu. Rana ta take, ta karkata. Na ga Umma ta fito ta wuce mu da takardar magani a hannu, ba ta kalle ni ba. Na san shi kaɗai ne a ciki. Na ce a ƙara ɗaya.

Ita ce ta yi. Haske ya shigo ta tagar ƙarshen baranda ya kwanta a ƙasa, 'yar wasa ta yi tafiyar da nake roƙonta tun safe, Dogo bai ko numfasa ba. Muna tsakiyar baranda ƙofarmu ta buɗe. Baba, a tsaye. Singileti, tawul a kafaɗa, ya kama gefen ƙofa da hannu ɗaya, bakin nan a karkace yana walƙiya. Kyamara ta bi ta gabansa ta wuce. Ban tsayar ba.

Da muka kai ƙarshe Dogo ya waiwaya. "Kai, wane ne wannan kuma ya ɓata mana aiki?"

Na ce, "Wani tsoho ne. Maƙwabcin nan mai keken."

Haka kawai ya fito, ko tunani ban yi ba. Da na juya, ƙofar na rufuwa a hankali.

Bayan sun tafi na tarar da shi zaune a ƙasa a bayan ƙofa, ya kasa komawa gado. Na ɗaga shi. Wandonsa a jiƙe. Na mayar da shi gado.

Laraba, 12 ga Maris

Ban je makaranta ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Na duba duk abin da muka ɗauka. Babu mai amfani sai waccan. 'Yar wasa ta bar gari, kyamara kuma ta koma hannun wata ƙungiya. Dogo ya ce abu mai sauƙi, "Goge tsohon kawai, ba siddabaru muke koyo ba?"

Mai Sauti ta kawo mini sautin. Ta daɗe tana naɗe waya a hannunta kafin ta ce makirufonta na jin abin da kunne ba ya ji. Wai tsohon da ke bakin ƙofa yana ta maimaita abu ɗaya ƙasa-ƙasa: "Yawwa, Auta. Yawwa."

"Ba kai ne auta a gidanku ba?"

Na ce autoci ai suna da yawa. Ta ce haka ne. Ta ce ta yanke wajen, tun da ba zan buƙace shi ba.

Lahadi, 16 ga Maris

Na fara gogewa. Aikin hoto-hoto ne, tun da kyamara na tafiya: a kowane hoto sai ka zagaye mutum da layi, ka cire shi, ka cike gurbin da rufaffiyar ƙofa daga wata ɗaukar. Dole ka ƙara girman hoton sosai don layin ya bi gefen kunne, gefen yatsa.

Rabon da in kalli fuskarsa haka tun kafin ciwon. Kullum nakan kalli tawul, ko cokali, ko agogo. Gumi ne a goshinsa. Yatsunsa sun dafe katakon har jijiyoyi sun tashi. Idonsa kuma ba kyamara yake bi ba, ni yake bi.

Daga gadonsa zuwa ƙofar nan sai an ratsa falo gaba ɗaya. Mai gashin ƙashi ta yi wata da watanni tana lallaɓa shi ya yi taku ko kaɗan, yana cewa gobe.

Yaya ta zo da yaranta, ta shigo ɗakina ba sallama kamar yadda ta saba. A lokacin rabin jikin Baba ya tafi a allo, saura kai da hannu suna rataye a iska.

"Me kake yi wa Baba?"

Na ce aikin makaranta ne.

Ta tsaya ta kalla. "To, aikinka na kyau." Ta ja mini ƙofa a hankali. Da ta zage ni da ya fi.

Laraba, 19 ga Maris

Da safe na yi masa aski. Na gama, na goge masa kumfa, na nuna masa madubi. Ya juya fuska hagu da dama, ya ce, "Maƙwabci, na gode."

Ya yi dariyar nan tasa ta rabin baki, har da tari.

Ashe ya ji.

Na tsaya da reza a hannu kamar gunki. Umma na daga kicin tana tambaya me ake wa dariya ba a kira ta ba. Ya ce tsakaninsa da Auta ne. Bai gaya mata ba ke nan. Ko Yaya.

Na so in ce wani abu. Na ce bari in zubar da ruwan.

Asabar, 22 ga Maris

Na gama. Har inuwarsa da ke ƙasa na cire. Babu wanda zai ce an taɓa buɗe ƙofar nan.

Litinin, 24 ga Maris

Malam ya ce ranar nuni kowa zai haska ɗanyen hotonsa gefe da gefe da wanda ya gyara, don a ga aikin da ya yi. Na bi shi har ofis na ce ko za a iya tsallake nawa. Ya ce ai nawa ya fi son a gani.

Alhamis, 27 ga Maris

An nuna.

A hagu Baba a tsaye, girman bango. A dama ƙofa a rufe. Malam ya sa aka maimaita, ya tashi ya je gaban allo yana nuna wajen da sandarsa. Ya ce a duk shekarun da ya yi yana koyarwa bai ga ɗalibi ya cire abu daga hoto mai tafiya da tsabta haka ba. "Ko inuwa bai bari ba." Aka tafa.

Wani daga baya ya ce gara da aka cire shi, da fim ya koma na ban tsoro. Dariya. Dogo ya karkace baki ya kama gefen tebur yana kwaikwayo, dariya ta ƙaru. Ba laifinsa ba ne, abin da na gaya masa ya sani.

Ina tsaye a gaba, makirufo a hannuna. Kalma biyu ce kawai. "Babana ne." Sai na ji kaina ina bayanin yadda na daidaita hasken ƙofar.

Mai Sauti ba ta yi dariya ba, ba ta tafa ba. Ta ɗauki jakarta.

Ni na fi kowa maki.

Asabar, 29 ga Maris

Baba ya matsa sai ya ga fim ɗin da kekensa ya fito. Na ɗora masa kwamfuta a cinya. Ya kalla shiru har matar ta ɓace. Da kyamara ta zo wajen ƙofarmu na kalli ƙasa.

"Ka iya aiki," in ji shi. Sannan ya ce, "Ɗayan fa?"

Na yi kamar ban gane ba. Ya ce wanda yake ciki.

Na buɗe masa. Ya matso da fuska dab da allo. Ya ce a mayar. Na mayar. Ya sake cewa a mayar. Ya sa yatsa a kan ƙafarsa ta hagu a hoton, ya ƙwala wa Umma kira, irin muryar da yake tara 'yan wasa da ita, rabon da in ji ta na manta.

"Zo ki ga mijinki a tsaye!"

Umma ta zo da ludayi a hannu. Ta kalla, ta toshe baki da gefen mayafi. Ya ce in tura wa Yaya a waya, a nuna wa mai gashin ƙashi, ta daina cewa shi rago ne.

Bai tambayi dalilin da ya sa babu shi a ɗayan ba. Na shiga banɗaki na buɗe famfo na daɗe.

Laraba, 2 ga Afrilu

Ya yi taku daga gado zuwa kujera, yana riƙe da kafaɗata. Nauyinsa ya ragu ƙwarai. Yawu ya zubo mini a riga, ya ce yi haƙuri. Na ce ba komai, kuma ban canza rigar ba sai da yamma.

Talata, 8 ga Afrilu

Ranar gashi. Yaya ta ce za ta zo ta kai shi, na ce ta bari, ba ni da darasi.

Ta babban titi muka bi, wanda ya wuce ta ƙofar makaranta, don ana haƙa a hanyar baya. Suna zaune a rumfar da suka saba, Dogo da Mai Sauti da wasu. Dogo ne ya fara hango mu. Ya taso yana dariya. "A'a! Ɗan wasanmu da aka kora! Maƙwabci, ina kwana?"

Na tsayar da keken. Na gyara wa Baba tawul, don hannuna ya sami abin yi.

"Babana ne," na ce. Muryar ta fito 'yar ƙarama, sai da na sake faɗa.

Dogo ya kalle ni, ya kalli Baba. Dariyar ta bushe a fuskarsa. Ya durƙusa har ƙasa a gefen titi ya gaishe shi da hannu biyu, ya kasa ɗagowa. Baba ya dafa masa kai ya ce wannan tsawon an yi asararsa, da a gola aka sa shi. Mai Sauti ta kawo masa ruwa, ta riƙe masa kofin da kanta. Ni kuwa, sai da za mu tafi ta ce in kula da ramin da ke gaba.

Dogo bai yi mini magana ba tukuna. Ban san me za a ce a aji gobe ba.

Mun makara, mai gashin ƙashi ta yi faɗa.

Haƙan hanyar bayan ba wani mai yawa ba ne, keke zai iya wucewa ta gefe. Jiya na je na duba.