Saƙonnin da Na Goge

Litinin, 3 ga Maris
Na koma aiki yau, wata biyar da rasuwar Baban yara. Na tarar da ɗakin fayil na asibiti kaca-kaca, katunan bara a cakuɗe da na bana. Na yi wa wadda ta riƙe min wurin faɗa daidai gwargwado. Abin da ya gama amfani a kawar da shi, ƙa'idata ke nan shekara ashirin. Alhamdulillahi, hannuna ya sami abin yi, ƙirjina ya ɗan saki.

Sai a mota ina dawowa na so in tuno yadda yake sallama in ya shigo gida. Kalmomin suna nan. Muryar ce babu.

Laraba, 5 ga Maris
Na bincike wayata kaf, babu saƙonsa ko ɗaya. Ni na goge su. Kowace Juma'a nakan share waya kamar yadda nake share ɗakin fayil. Shi kuwa, Allah ya jiƙansa, in zai ce a sayo sabulu sai ya yi saƙon murya na minti uku. Ya fara da cunkoson hanya, ya bi ta kan ciwon gwiwarsa, ya ba ni labarin yaran da yake kaiwa makaranta a motarsa, sabulun ma wani lokaci ya manta. Nakan ce, "Malam, faɗi abin da ya kawo ka." In na ji, in goge.

Asabar, 8 ga Maris
Na kai wa mai gyaran waya. Ya juya ta, ya danna nan ya danna can, ya ce, "Mama, sai haƙuri. Kin goge, kin bi kin sake gogewa. Ko ɓarawo bai kai ki share sawu ba." Na ce masa ya iya bakinsa, ya kuma yanke farcen nan nasa.

Lahadi, 9 ga Maris
Babban ɗana ya kira. Da na gaya masa sai ya ce, "Umma, ki tambayi Auta mana. Wa ya kai ta ɗaukar mutane a waya?"

Sati uku ke nan Auta ba ta tako gidan nan ba. Ranar da muke kwashe kayan babanta na gan ta a tsugune tana ɗaukar hoton takalmansa a bakin ƙofa. Na ce mata, a gaban ƙannensa, ubanki ya rasu ke kuma kin sami abin nunawa duniya. Ta ɗauki jakarta ta koma ɗakin da take haya kusa da shagon da take aiki.

Tarbiyya ce, ba ƙiyayya ba. Yaran yanzu komai sai sun ɗauka. Amma in na kira ta yau za ta ce buƙata ce ta sa ni. Kuma da gaskiyarta.

Talata, 11 ga Maris
Ban kira ba.

Alhamis, 13 ga Maris
Na kira. Sau biyu ina kashewa kafin ta shiga. Na ce, "Kina cin abinci kuwa?" Ta ce, "Umma, lafiya dai?" Na shirya mata nasiha a kan zumunci tun da safe, amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Muryar babanki ta ɓace min." Ban taɓa gaya wa 'ya'yana na rasa wani abu ba. Ta ce, "Ina zuwa ranar Asabar in na tashi daga shago."

Asabar, 15 ga Maris
Ta zo da la'asar. Ta rame, na kuwa gaya mata. Muka zauna a kan doguwar kujera, ta buɗe wani bidiyo a wayarta, ta ce, "Akwai da yawa, amma wannan za ki fara gani."

A kicin ne, bara. Ni ce a tsaye ina faɗa saboda ya tsoma jiƙaƙƙen cokali a gwangwanin sukari. Minti biyu cur muryata ce kaɗai: tsafta, almubazzaranci, misalin da yake nuna wa yara. Shi yana bayana yana kaɗa yatsa kamar yadda nake yi. Da na juyo sai ya ƙame, ya ce, "Ranki ya daɗe, shugabar gida, a yi min afuwa. Cokalin ne ya shiga da kansa." Sai dariyar nan tasa da takan ƙare da tari.

Muryarsa ce. Ta fi yadda nake zato kauri. Na ji kamar an sauke min buhu daga ka. Na sa ta maimaita sau huɗu.

Na ce, "Ashe haka nake?" Ta ce, "Kullum, Umma. Amma Baba ya ce duk ranar da kika wuni ba faɗa, ranar zai ɗauke ki sai asibiti." Na yi dariya har hawaye, ita ma haka. Ba mu taɓa kuka tare ba, ko ranar rasuwar.

Ban ce ta yafe min ba, uwa ce ni. Na dai shiga ɗaki na ɗauko takalman, ban bayar da su ba daman, na sa mata a jaka. Ta tura min hoton bidiyon, ta ce ta adana shi a wurare uku, "don na san halinki."

Lahadi, 16 ga Maris
Ta kwana a nan. Ta bar kofi a kan talabijin. Na gani.

Juma'a, 21 ga Maris
Ranar share waya. Auta ta turo saƙon murya, minti huɗu da rabi: wata mata da ta gwada takalma bakwai ba ta sayi ko ɗaya ba, cunkoson da ya tare ta a hanya, ƙafarta da ke ciwo. A ƙarshe ta ce ta manta abin da za ta gaya min. Shirme tsantsa, gado ne. Zan yi mata magana ta koyi taƙaitawa.

Ban goge ba. Wayar da sauran wuri.